Goyon Da Ban Duba Ba

Ko na so in manta da Larabar nan ba zan iya ba, don har yau idan na ɗauki biro zan rubuta wa mutum lamba sai ranar ta faɗo mini a rai. Sati uku ke nan. Sista Binta ce ta ce in rubuta abin da ya faru saboda ku biyu da za ku fara zama a teburin kati wata mai kamawa. Ta ce gara ku ji daga bakin wadda abin ya faru a gabanta.

Asibitinmu ƙarami ne, a cikin garin Kabo. Likita ɗaya gare mu, sai Sista Binta wadda ita ce babbar nas, sai mai ɗakin magani da mai gwajin jini. Ni ce ta ƙarshe a jerin. Sunana Zinatu, na gama sakandare a Gwarzo shekara biyu da suka wuce, ban yi karatun jinya ba, a bakin aiki nake koyo. Duk wanda ya shigo wurina yake fara tsayawa. In rubuta sunansa da shekarunsa da garinsu da abin da ya kawo shi, in auna zafin jikinsa da hawan jini, sannan in ba shi lamba ya zauna a benci. Akwai kuma jan biro a kan teburin. Idan aka kawo mai suma, ko mai zubar jini, ko mai jijjiga, ko wanda numfashi ke yi wa wuya, sai in ja jan layi a kan katinsa a wuce da shi ciki, ba jiran lamba.

Wannan ita ce ƙa'idar da aka koya mini. Amma a wata takwas da na yi a wurin, ban san lokacin da na ƙirƙiro tawa ƙa'idar ba: wanda danginsa suka fi salati da kururuwa, shi ne ya fi jin jiki. Kuma sau da yawa hakan yakan yi daidai, shi ya sa na sake da ita.

Likita yana da wata al'ada da ta daɗe tana ba ni mamaki. Kullum da safe, kafin ya shiga ofis ya fara kiran lamba, sai ya bi benci tun daga farko har ƙarshe yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa gaban tsofaffi, ya tambayi gona, ya tambayi hanya. Duk macen da ke da goyo kuma sai ya sa an yaye mayafin ya leƙa fuskar yaron, ko da uwar ce ta zo ganin likita. Ni a raina na ɗauka son jama'a ne kawai, har nakan ji haushi idan layi ya yi tsawo yana can yana hirar farashin taki da wani dattijo. Na sha son in tambaye shi dalili, nauyinsa ya hana ni.

Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, lokacin da ake ta feshin wake a gonaki. Benci ya cika da masu zazzaɓi. Likita bai samu yin zagayensa ba, don tun kafin ya ajiye jaka aka shigo da wani manomi da lauje ya tsarge masa ƙafa, shi da Sista suka shige ɗakin ɗinki.

Wajen ƙarfe tara da rabi babur ya sauke mata biyu. Ɗaya tsohuwa ce mai fara'a, da goyo a bayanta ta lulluɓe shi da mayafi. Ɗayar ba za ta girme ni ba, siririya, ta ja hijabi har goshi, tana riƙe da baƙar leda. Muka gaisa. Tsohuwar ta tambayi iyayena, ta tambayi aiki, ta sa mini albarka, sannan ta ce daga wani ƙauye suke a yankin Durun.

Na ce, "Inna, wa za a gani?"

Ta nuna yarinyar da haɓa. "Matar ɗana ce, Hansai. Wai kanta ke sarawa. Yaran yanzu kun fiye raki, 'yar nan. Mu a zamaninmu ciwon kai ai ɗankwali ake ƙara ɗaure masa. Amma ta kafe sai an zo asibiti, har tana riƙe bango."

Na yi dariya, na buɗe wa Hansai kati. Na auna ta: zafin jiki daidai, jini daidai. Na ce tun yaushe kan yake ciwo, ta ce tun ɗazu. Muryarta can ƙasa. Lokacin da tsohuwar ta juya za ta nemi wurin zama, na hango bayan rigarta ya jiƙe sharkaf daga kafaɗa.

"Inna, goyon nan lafiya? Ya jiƙa miki riga."

"Jikata ce, Saratu. Haƙori take fitarwa, shi ne take ta dalalar da miyau. Barci take, kada ki tashe ta."

Na dubi Hansai, don a tunanina ko ita ce uwar. Ta kau da kai tana kallon kalandar da ke bango. To ni kuma sai na ce a raina, da akwai wata damuwa ai da uwa ta faɗa. Na rubuta ashirin da uku na miƙa mata.

Tsohuwar ta zauna a tsakiyar benci ta shiga hira da wata mata 'yar Garo. Hansai kuwa ta je can ƙarshe, nesa da su, ta zauna a bakin-bakin katakon kamar wadda za ta tashi da gudu. Ba a yi minti goma ba ta dawo gabana.

"Don Allah ba za a iya ganin mu yanzu ba?"

Na ce, "Likita yana ɗinki. Ki yi haƙuri, akwai mutum ashirin da biyu a gabanki."

Ta koma. Can kuma sai ga ta. Wannan karon ba ta ce komai ba, sai ta ɗora baƙar ledar nan a kan teburina, a kan katunan mutane, ta tsaya tana kallona. Wallahi har yanzu ina ganin idanun nan. Ni kuwa ga mutum huɗu a tsaye suna jira, sai na ture ledar da bayan biro na ce, "Malama, ɗauke kayanki. Kowa da kika gani a nan ciwo ne ya kawo shi." Ta ɗauka a hankali, ta koma wurinta.

Goma da 'yan mintoci Likita ya fito yana goge hannu. Na ɗauka zai wuce ofis tunda an makara, amma sai ya fara daga kan benci kamar kullum. Da ya iso wurin tsohuwar ya durƙusa.

"Inna, ina kwana? An zo lafiya? Yaya mutanen gida? Wa muka samu a baya?"

"Kishiyata ce, likita, ta hana ni sakat. Haƙori ne."

"To a kwance mini ita in ga mai ƙwace miki miji."

Tsohuwar tana dariya ta sassauta zani. Da aka juyo da yarinyar sai kanta ya langaɓe baya. Ba za ta kai shekara biyu ba. Miyau na zuba daga bakinta kamar an buɗe famfo, jikinta ya jiƙe da gumi, ƙirjinta yana wani irin kurari da na ji tun daga teburina. Likita ya ɗaga fatar idonta, ya kai hancinsa kusa da rigarta ya shinshina. Fuskarsa ba ta sauya ba, muryarsa ma ba ta ɗaga ba. Cewa ya yi, "Sista, gado na ɗaya. Zinatu, sa safar hannu ki kawo ruwa da sabulu." Ya rungumi yarinyar ya yi ciki da ita.

Ban san yadda na isa ɗakin ba. Bokitin yana ta fantsala ruwa a ƙasa. Sista ta yanke rigar yarinyar da almakashi ta jefa a leda, ta sa robar zuƙe majina a bakinta, aka ɗora mata iskar numfashi. Ni aka ba wa aikin wanke mata jiki. Likita ya nuna mini idonta yana neman jijiya: baƙin da ke tsakiya ya ƙanƙance ya koma kamar kan allura. Ya ce, "Maganin feshi ne. Amma ina buƙatar in san wane iri ne, da lokacin da ta taɓa shi, da ko ta haɗiya."

Tsohuwar ta biyo mu tana salati, tana cewa a kawo madara a ɗura mata, ko manja. Likita ya ce, "A'a Inna, idan aka ɗura mata wani abu yanzu huhunta zai tafi. Kin ga ta sha wani abu?" Ta rantse ba ta gani ba, ita tana wajen ɗaure awaki da safe. Hansai tana tsaye a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje. Likita ya dube ta sau ɗaya, ya dubi tsohuwar, sai ya tambaya a hankali, "Inna, ita ce ta fari a wurinsu?"

"Ita ce."

A nan ne abin ya faɗo mini. Kunyar 'yar fari. A gidajenmu da yawa, musamman na ƙauye da waɗanda asalinsu makiyaya ne, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi ko da yana kwance. Kaka ce ke riƙe shi, ita ce mai magana a kansa. Kuma na san wannan! Innata har gobe ba ta kiran sunan babbar yayarmu, sai dai ta ce "waccan". A gida na san abin sarai, amma ban taɓa tunanin zai biyo mutane har gaban teburina ba.

Likita ya juya wurin tsohuwar. "Inna, kin goya ta tun daga gida, maganin nan ya shiga zaninki da bayanki, kema zai iya taɓa ki. Ki bi matar mai gadi ta ba ki ruwa ki wanke jikinki sosai, za a ara miki zani. Jikarki tana hannuna." Maganar gaskiya ce, amma na lura sai da ya ji takunta ya yi nisa sannan ya sake magana. Bai kalli Hansai ba. Ya juya mata baya gaba ɗaya, yana zuƙo allura, ya ce, "Zinatu, cire safar nan ki je ki tsaya kusa da 'yar'uwarki. Ki tambaye ta ko ta lura da abin da jikar Inna ta taɓa yau da safe."

Jikar Inna ya ce. Bai ce 'yarki ba.

Na je na tsaya a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Kafin in gama tambayar ta miƙo mini baƙar ledar. Na kwance. Kwalbar maganin feshi ce, babu murfi, da sauran ɗan fari-farin ruwa a gindinta.

Ta fara magana a kunnena, da sauri, ba tsayawa, ni kuma ina maimaitawa da ƙarfi. Maigidan ne ya haɗa magani bayan asuba zai tafi gonar wake, ya bar kwalbar a gindin randa. Rana ta ɗan ɗaga ta fito daga madafa ta tarar da "ita" tana tsotsar bakin kwalbar, gaban rigarta ya jiƙe. Ta ƙwace, ta goge mata baki da gefen zani. Yarinyar ta yi amai sau biyu, na biyun da kumfa. Ta yi zawo sau ɗaya. Ta ƙi nono. Miyau ya fara tun kafin su hau babur, kurarin kuwa sai a hanya, wajen gadar da ke kafin gari. Babu abin da ya wuce ta. Tana zaune can ƙarshen benci amma tana ƙirga numfashin yarinyar.

"Madalla," in ji Likita, har yanzu bayansa yake ba mu. Ya karɓi kwalbar ya karanta jikinta. "Gaya mata ta yi abin da ya kamata. Da ba ta kawo wannan ba da lalube zan yi."

Ya yi allurar farko. Akwai allurar da ke busar da irin wannan ruwan da ke cika ƙirji, kuma ba sau ɗaya ake yin ta ba. Ana yi, a jira 'yan mintoci, a saurari ƙirji, a ƙara. Sista tana kallon agogo tana faɗin lokaci, ni ina rubutawa a bayan katin uwar, don yarinyar ba ta da kati. Ban buɗe mata ba. Rubutuna na ranar yana nan a fayil, ko ni da ƙyar nake karanta shi. Bayan ta uku kurarin yana nan. Na ji Sista tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa. Bayan ta biyar Likita ya daɗe da abin sauraro a ƙirjinta, sannan ya ce, "Ya fara bushewa." Jim kaɗan yarinyar ta motsa ƙafa, ta yi wani siririn kuka kamar na mage.

Hansai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta tura fuskarta cikin hijabi. Likita ya ce, "Sista, ja labulen nan. Inna ba za ta dawo yanzu ba." Ya fita, Sista ta ja ni muka fita. Ta ƙasan labulen na ga ƙafafun Hansai sun matsa jikin gadon. Minti biyu ko uku ya ba ta, sannan ya yi gyaran murya kafin ya koma.

Kafin azahar aka ɗauki yarinyar a mota zuwa babban asibiti a Gwarzo, Sista a gefenta da sauran allurai, don irin wannan guba takan dawo, sai an kwana ana sa ido. Da mijin Hansai ya iso daga gona kafin motar ta tashi, hankalinsa a tashe, Likita ya ja shi ofis shi kaɗai ya rufe ƙofa. Ban ji faɗa ba. A gaban tsohuwar kuwa abin da ya ce kawai shi ne maganin feshi ba ya zama inda yaro zai kai hannu, kuma hakan yana faruwa a gidaje da yawa a wannan lokaci na shekara. Bai ambaci wanda ya ajiye ba.

Da layi ya ƙare na shiga ofishinsa. Na riga na shirya jin an ce in ajiye aiki. Na ce, "Likita, ni na ba su lamba ashirin da uku. Sau biyu ta zo wurina. Har kwalbar ta ɗora mini a tebur na ture." Ban ƙarasa ba kuka ya ƙwace mini.

Ya bari na yi shiru, sannan ya ce, "Zauna. Gaya mini abin da kika gani tun shigowarsu."

Na faɗa masa: rigar da ta jiƙe, awon da ya nuna lafiyarta ƙalau, zaman da ta yi nesa da goyon, yadda ta kasa zama wuri ɗaya.

"To kin ga komai ke nan," in ji shi. "Idonki ba shi da laifi. Kin jira ne a faɗa miki da baki. Minti arba'in ɗin nan sun kusa cin rai, ba zan ɓoye miki ba. Ni ma da na leƙo kafin in fara ɗinki da ba a kai haka ba. Gobe ƙarfe takwas ina son in gan ki a teburinki."

Sai na samu ƙarfin yin tambayar da ta daɗe a raina, na ce shi ya sa yake bin benci kullum? Ya ce mutanenmu ba kasafai suke faɗin ciwonsu a tsaye gaban tebur ba, ga layi a bayansu yana saurare. Wani sai an gaisa, wani sai babba ya tashi daga wurin, wata kuma ba za ta taɓa faɗa ba sai dai ta kawo kanta a matsayin mara lafiya.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, kuma har yanzu ina juya shi. Hansai ba ta iya cewa surukarta "'yata za ta mutu" ba, balle ta ce ɗanki ne ya bar kwalba. Sai ta ƙirƙiro ciwon kai, ta riƙe bango, ta jure gorin raki, don ta san idan aka tafi da ita dole a tafi da mai shan nono. Ta yi duk abin da tarbiyyarta ta bar mata hanyar yi, har ta kawo yarinyar taku goma daga likita. A wurina aka tsaya.

Kwana huɗu Saratu ta yi a Gwarzo. Ranar Litinin da ta wuce suka dawo a sake duba ta, tana tafe da ƙafarta, tana jan gefen zanin kakarta. Na buɗe mata kati nata na kanta. Na rasa yadda zan nemi gafarar Hansai a gaban mutane, sai na ce zan sake auna ta, na ja ta bayan labule. Na ce, "Ki yafe mini." Tana kallon ƙasa ta ce, "Ni ma na so in yi magana. Bakina ne ya ƙi buɗewa." Sai tsohuwar ta ɗaga murya daga waje tana tambaya ko awon nan na kwana ne.

To ga abin da nake son ku ɗauka. Teburin kati ba wurin rubuta suna ba ne kawai, nan ne ake yanke wanda zai jira da wanda ba zai jira ba, kuma mu da ba mu yi karatun jinya ba mu ke yankewa. Duk goyon da ya shigo ku tashi ku yaye mayafin da hannunku, ko an ce barci yake. Idan kaka ce ke magana, ku tambaya ko na fari ne, sannan ku nemi dalilin da za ku keɓe da uwar. Idan mutum ya dawo gabanku karo na biyu bai ce komai ba, ku ajiye biro. Mutanen nan namu ne, mun san kunyarsu tun daga gida, kada mu bar sanin a gida mu zo aiki. Ni dai tsoron bai sake ni ba tukuna, kuma na gaya wa Sista. Ta ce kada in yi gaggawar rabuwa da shi.